Kiran Suna Ƙarfe Takwas

Wahala na sha a aikin nan, ba wani suna da zan sa mata. Shekara goma sha shida ina tafinta da rakiyar 'yan kasuwa a Guangzhou. Gwiwata ta dama ta gaji, bayana ba ya shiri da kujera mai laushi, kuma har yau in na ji ƙarar salatif ana naɗe kwali sai haƙorana su mutu. Ku ɗaliban da kuke zuwa unguwar Xiaobei cin tuwo ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ina jin hirarku. Kuna cewa aikinmu cin banza ne: ka tari Alhaji a filin jirgi, ka zaga da shi kasuwa, ka ce ni hao, wato sannunsu, shi ke nan. Wasunku har aji suke gudu su zo kasuwar Canaan neman baƙon da za su raka. Saboda su na zauna rubuta wannan. Rubutun sai haƙuri, a aji huɗu na firamare na tsaya, can Fagge.

Aikina na farko duba wanduna ne, kwali sittin, a wani sito da ke bayan Canaan. Malam Isuhu ne ya kai ni, mutumin Damagaram, dattijo siriri wanda bai iya tafiya a hankali ba. Shi ya koya mini sana'ar. Ya miƙo mini wuƙar yanka kwali ya ce in duba. Na buɗe uku na sama, na ga ɗinki tsaf, zif yana tafiya, na ce kaya sun yi.

Ya dube ni. Ya ce, "Sabo, na sama ai don irinka aka jera su. Jawo na ƙasa, na can lungu."

Sai da na sauke kwali goma sha ɗaya kafin in kai gare shi. Ina farkewa na tarar rabin wandunan ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo. Laoban, wato mai kayan, yana tsaye yana shan shayinsa, ko kunya bai ji ba. Malam Isuhu ya ce, "Bayan wata biyu wani zai buɗe kwalin nan a Kantin Kwari. Bai san sunan Basinen nan ba. Naka ya sani."

Kayan aikin ba su da yawa, duk a jaka ɗaya suke. Wuƙar nan, da tef na awo, da baƙar maka ta rubuta alamar mai kaya a jikin kwali. Kalkuleta mai manyan lambobi, don da ita ake ciniki: laoban ya danna nasa, ka goge ka danna naka. Farin ƙyalle da gorar ruwa, ka jiƙa ka goga a jikin yadi ka ga ko yana zuba. Sai laita. Ka zaro zare ɗaya ka ƙona. Auduga toka take zama, roba kuwa dunƙulewa take ta yi baƙi. Na ƙarshe takalmi mai kyau, shi ya fi duka, don manyan shagunan titin Guangyuan ba su da ƙarshe.

Hajiya Binta ce ta koya mini darajar takalmi. Kayan yara take saye. Za ta fara daga bene na ɗaya, ta taɓa kowace riga, ta hau har na shida, la'asar ta yi, sannan ta ce mu koma shagon farko, nasu ya fi. In an faɗi farashi sai ta dafe ƙirji.

"Sabo, ce masa ya ji tsoron Allah."

"Hajiya, wannan ba ta cikin Sinancina."

"To me ka iya?"

"Na iya ya yi tsada, na iya rage, na iya za mu tafi."

"Faɗa masa duka ukun."

Gaskiya na gaya mata. Sinancina na kasuwa ne, a kunne na tsince shi. Shekara tara ina yawo da shi ban iya karanta harafi ɗaya ba. A kawo takardar oda, in duba lambobi, in duba jan hatimi, in sa hannu, sauran kuma in bar wa Allah.

Sai shekarar da biza ta yi tsanani. Wadda ake ba mu ta kasuwanci ta koma 'yan makonni, ka fita ƙasar ka nemi wata, ko a ba ka ko a hana. Ana tare mutane a bakin tashar jirgin ƙasa ana duba fasfo. Gidajen abinci biyu da na sani a Xiaobei suka rufe, waɗanda muka zo tare suka dinga tattara kaya. Malam Isuhu yana da takardun kamfani, shi bai girgiza ba. Ni ne a tsakiya.

Ya ce, "Je ka shiga makaranta."

"Malam, ni? Shekarata arba'in da uku."

"Jami'o'in nan suna da sashen koyon harshe. Za su ba ka zaman shekara. Ka je da safe, ka dawo kasuwa da azahar."

Ba zan yi muku ƙarya ba, don biza na shiga. Karatu bai zo mini a rai ba ko kaɗan.

Ranar farko na isa bakwai da rabi, don na saba da sammako. Ɗaki fari tas, tebur ɗaya mutum biyu, taga tana kallon wasu manyan bishiyoyi masu saiwa a rataye. Ba mai ihu, ba mai turo amalanke a bayanka. Na zauna a layin gaba saboda idona ba ya kai allo daga nesa. Wata yarinya mai hijabi ta shigo, ta dube ni, ta dubi lambar ƙofa, ta sake dubana.

"Ina kwana, Baba. Ɗanka ka rako?"

"Kaina na rako."

Ta rufe baki tana dariya. Nafisa ke nan, 'yar Gwale, ta zo karatun likita amma sai ta yi shekarar harshe tukuna. Ta ce, "Baba, nan gaba fa su ake fara tambaya." Na ce to, ta zauna mu mutu tare. Ta zauna.

Ƙarfe takwas daidai wani ɗan kiɗa ya tashi, shi ne ƙararrawarsu. Malama Lin ta shigo, 'yar ƙaramar mace da ba ta kai talatin ba, riƙe da gorar ruwan zafi. Laoshi muke ce mata, wato malama. Ta buɗe rajista ta fara kiran suna. In an kira ka sai ka ce dao, ma'ana ga ni. Mu ashirin da ɗaya ne, da 'yan Koriya, da 'yan Rasha, da wasu daga ƙasashen da ban taɓa jin sunansu ba. Ta kira wani ɗan Koriya, ya amsa. Sai na ji ta ce, "Sabo."

Rabon da wani ya karanto sunana daga rajista tun ina ɗan shekara goma. 'Yan sanda sun karanta shi a fasfo, ma'aikatan filin jirgi ma haka, amma su nema suke su ga ko ya kamata a kore ni. Ita so take ta ji ko na zo. Na amsa da ƙarfin da nake kiran lebura a sito, duk ajin ya fashe da dariya.

Ga abin da za ku tarar a aji, tunda wasunku sun fi sanin hanyar Canaan. Darasi huɗu ne kafin azahar, kowanne minti arba'in da biyar, da ɗan hutu a tsakani. Malami ba zai bi ka ba. Zai ce a karanta shafi kaza kafin gobe, kuma goben daga nan zai tashi kamar kowa ya karanta. Za a tashe ku bibbiyu ku yi hira a gaban mutane. Ni da Nafisa aka ba mu mai shago da mai saye. Na taya ta jaka da rabin rabin kuɗi, na juya zan tafi, sai da Malama Lin ta ce wannan ba ya cikin littafi. Ranar Talata kuma shifta: ta faɗi kalma, ka rubuta harafinta a littafi mai gidaje-gidaje, kowane harafi da ɗakinsa, kowane layi da inda ake fara shi. Hannun da ya saba da wuƙa da maka, aka ba shi fensir. Shiftata ta farko biyu na ci cikin ashirin. Ta zagaye biyun da jan biro, ta rubuta wani abu a gefe. Na tambayi Nafisa.

"Ta ce waɗannan biyun sun yi kyau."

"Sha takwas ɗin fa?"

"Ba ta yi maganarsu ba, Baba. Ka gode wa Allah."

A cikin jirgin ƙasa nake jinga, a tsaye, littafin a jikin ƙofa. In Alhaji yana gwada takalma a shago, ni ina gefe ina zana harafi da yatsa a cinyata. Kafin wata biyu na kai sha huɗu. Akwai Talatar da na ci sha bakwai, takardar tana nan.

Wata rana na je duba rigunan mata a wani sito. Ina sauke kwalaye na hango haruffa biyu da alli a gindin wani, ƙanana, inda baƙo ba zai kula ba. Shekara tara ina wuce irinsu. Ranar kuwa na tsaya, na karanta. Kaya masu aibi, abin da aka rubuta ke nan. Na kira laoban na nuna masa da bakin wuƙa, na karanta masa a fili. Ya daɗe yana kallona, sannan ya yi dariya ya ce wa ma'aikatansa su fitar da kwalayen nan. Guda takwas ne. Da na ba Malam Isuhu labari, washegari sai ya zo da kwalin maganinsa na hawan jini ya ce in karanta masa yadda ake sha. Ashe shekara biyu yana sha ba daidai ba.

Akwai doka, kuma an gaya mana tun ranar farko a wani ɗan littafi da Nafisa ta karanta mini. Makara uku fashi ɗaya ce. Fashin kwana goma ba izini, an sallame ka, biza kuma ta bi. In kana da uzuri ka cike takardar neman izini, ka haɗa da shaida, kafin ka yi fashin ko a ranar. Wanda aka ba izini ba a lissafa masa. Na ji, na ce to.

Da lokacin baje koli ya zo baƙi suka cika gari. Hajiya Binta ta sauka ta kira ni.

"Gobe ƙarfe tara, Guangyuan."

"Hajiya, sai dai azahar. Ina makaranta."

"Kana me?"

"Makaranta."

"Kai da furfurar taka? Sabo, kwana biyar gare ni a garin nan. In ka zama ɗan boko ka gaya mini in nemi wani."

Na ba ta safiya biyu. Na ba wani Alhaji ɗaya, lodin kwantena ya ci ɗaya, masana'antar takalma a wajen gari ta ci biyu. Ba wanda za a rubuta wa izini a cikinsu, don a takarda ni ɗalibi ne, ba ɗan kasuwa ba. Duk ranar da na dawo Nafisa za ta ɗaga mini yatsu.

"Shida fa, Baba."

"Saura huɗu ai."

"Ba rabo aka ba ka ka cinye ba."

Na ce baje koli ya wuce, ba zan ƙara ba. Kuma ban ƙara ba. Wata guda cur ina layin gaba kafin kiɗa ya tashi.

Saura mako uku jarrabawa, ranar Talata, ina kan matakalar tashar jirgin ƙasa ina maimaita kalmomin shifta, waya ta yi ƙara. Aka ce Malam Isuhu ya yanke jiki ya faɗi a ƙofar sito. Na juya. Kafin azahar ya cika a asibiti.

Wanda bai taɓa yin rashi a ƙasar nan ba bai san abin da ke biyo baya ba. A gida ka rasu da safe, kafin la'asar an kai ka. Nan kuwa gawa ba ta motsi sai da takarda, kuma in ba a kawo takardun da suka dace ba, al'adarsu ƙonawa ce. Akwai maƙabartar Musulmi, amma kafin a ba baƙo wuri sai takardar asibiti, sai ta 'yan sanda, sai wasiƙar ofishin jakadancin ƙasarsa daga Beijing, sai yardar iyalinsa a rubuce daga Damagaram, a fassara, a buga hatimi. Jama'armu suka taru a Xiaobei, 'yan Kano da 'yan Nijar da 'yan Gana. Masu bakin Sinanci suna da yawa. Mai karanta fom ya san gidan da zai cike, ni kaɗai ne a wurin. Ba wanda ya ce in je. Ni ma ban tsaya tambaya ba.

A kwana na biyu Nafisa ta kira, ina layi a ofishin 'yan sanda.

"Baba, Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Laoshi ta ce ka cike takardar izini, ko ta waya ce, ka turo da hoton takardar asibiti."

"Ki ce mata an yi mini rasuwa."

"Na faɗa mata. Ta ce ta yi maka ta'aziyya, amma sai da takardar."

"Mutum ya mutu, ana tambayata takarda? Ƙarya zan yi da mutuwa?"

"Ba haka ba ne, Baba, ofis ne..."

"Ki ce mata in an binne shi zan zo."

Na kashe wayar. Ta sake turo saƙo sau biyu, ban buɗe ba. A wurinmu in ka ce an yi rasuwa magana ta ƙare. Mai shago ya rufe, mai tafiya ya fasa, ba mai ce maka kawo shaida. Ni da nake yini ina bin jan hatimi ofis-ofis, na san ƙasar nan ba ta jin magana sai a takarda, amma na cire makaranta daga ciki. Gani nake malama ce, ta san ni, ta san ba na wasa. Takardar asibitin kuwa tana aljihun gaban rigata kwana bakwai. Aikin minti biyar ne.

Ranar Laraba ta mako na biyu muka binne shi, fuskarsa na kallon alƙibla, a ƙasa ja mai danshi. Ni na shiga ramin na karɓe shi. Bai da nauyi.

Alhamis na koma aji da ledar dabino na sadaka. Ina ajiye jaka Malama Lin ta ce in zo waje. Ta ce rajista kullum take shiga kwamfuta ta wuce ofis, kuma lissafina ya kai sha uku. Ta bar ajin da aiki, ta raka ni ofishin da kanta. Mutumin da ke wurin ya ba ni kujera, ya zuba mini ruwan zafi, ya juyo mini da fuskar kwamfuta in gani da idona. Na fito da takardar asibiti, da ta 'yan sanda, da ta jakada, duk na baje masa a tebur. Ya duba su ɗaya bayan ɗaya cikin ladabi. Ya ce da sun zo a makon da ya wuce. Yanzu sunana ya riga ya tafi wurin masu biza.

Na gwada abin da na iya. Na ce a rage, a lissafa rabi, a bar ni in yi jarrabawa kawai. A kasuwa in laoban ya ce meiyou, babu, to yanzu aka fara magana. A ofis ba haka ba ne. Malama Lin ta yi ta yi masa bayani da sauri, ban kama rabinsa ba, sai sunana da nake ji da kalmar ƙoƙari. Da muka fito ta tsaya a matakala ta yi mini magana a hankali yadda zan gane. Ta ce bakwai ɗin nan kaɗai ba su kai goma ba, ko da takarda ko babu. Shidan farko ne ba ta da abin faɗa a kansu.

Na miƙa mata dabinon, na ce a raba wa 'yan aji, na mamaci ne. Ta karɓa da hannu biyu.

Kwanaki kaɗan aka ba ni in bar ƙasar. Na yi wata bakwai a Kano kafin in samo bizar kasuwanci, da irinta nake shige da fice har yau. Hajiya Binta ta sami wani tafinta tun kafin in dawo. Nafisa tana asibiti yanzu da farar riga, in mun haɗu a Xiaobei sai ta ce, "Baba, shifta!" ta faɗi kalma, in zana mata a tafin hannu. Wasu ina ci. Satifiket ɗin da ake bayarwa a ƙarshen zango na gan shi a hannunta, mai jan bango, da suna a tsakiya. Ban taɓa samun takarda irin wannan ba, ko ta firamare. Littafin yana cikin jakar aikina tare da wuƙa da tef. Har darasi na ashirin da uku duk ya sha fensir, daga nan zuwa ƙarshe fari ne tas.

To ku da kuke da kujera a ɗaki irin wancan, Canaan ba inda za ta je. Na bar ta wata bakwai na dawo na tarar da ita yadda take, har mai sayar da masara a bakin gada bai gusa ba. Safiyar da kuka ba Alhaji kuna ganin taku ce, rarar da ba a amfani da ita. Ba ku san ranar da waya za ta yi ƙara ba. In kuma ta yi, ku cike takardar.

Washegarin ranar da aka sallame ni Juma'a ce. Na yi asuba, na sha shayi, na ɗauki jaka, na hau jirgin da na saba hawa. Katin ɗalibi bai mutu ba tukuna, ƙofar makaranta ta buɗe mini. Ban shiga ajin ba. Na tsaya a baranda kusa da ƙofar baya, inda ba a ganina. Ta gilashi na hango Nafisa a layin gaba, ta ɗora jakarta a kan kujerata. Kiɗa ya tashi, Malama Lin ta buɗe rajista. Ta kira ɗan Koriyan nan, ya amsa. Da ta zo kan sunana ta sha ruwan zafinta, ta kira na bayana.

Na jira har ta kai ƙarshe. Sannan na sauko, na koma tasha, na nufi Canaan. Akwai odar da Malam Isuhu ya bari ba a duba ba, wandunan wani mutumin Maraɗi, kwali arba'in. Laoban ya jawo mini na sama ya ce in buɗe. Na ce ya bar shi nan. Na cire riga ta sama, na rataye jaka a ƙusa, na fara saukewa, har na kai ga na ƙasa, na can lungu.